Haɗa Hatsi da Dangin Wake a Gona Ɗaya

Haɗa hatsi da dangin wake a gona ɗaya shi ne tsarin noman da akasarin ƙananan manoman ƙasar Hausa suka tashi suka tarar, kuma har yau shi ke ciyar da mafi yawan gidajen karkara. Daga ƙauyukan Zazzau har zuwa Maraɗi da Damagaram, wanda ya ratsa gonakin talakawa a tsakiyar marka da wuya ya ga abu guda kaɗai a gona. Gero ya fid da kai, dawa tana biye da shi, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsu, wani wurin kuma gyaɗa ce ko gurjiya ta cike tsakanin kunyoyi. Hatsin da ake magana a kansa shi ne gero da maiwa da dawa da masara. Dangin wake kuwa su ne wake da gyaɗa da waken suya da gurjiya, wato tsirran da ke yin 'ya'yansu cikin kwanso.

An daɗe ana yi wa wannan noma kallon ƙauyanci. Tun zamanin Turawa har shekarun farko na 'yancin kai, nasihar da malaman gona suka fi yi ita ce manomi ya ware kowane amfani daban, ya shuka shi zalla, kamar yadda ake yi a manyan gonakin Turai da Amurka. Manoma sukan amsa da "to", su koma gona su ci gaba da abin da suka saba. Sai a ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, wanda ke aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi diddigin manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau. Ya lissafa abin da suke shukawa, da kwanakin aikin da suke zubawa, da abin da suke girba. Ya tarar mafi yawan gonakin haɗi ne, kuma abin da eka ɗaya ta haɗi ke bayarwa ya fi na eka ɗaya ta zalla daraja, sannan bai cika hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba. Daga lokacin ne masu bincike suka fara neman yadda za a gyara tsarin, suka bar neman kawar da shi.

Dalili na farko da ya sa haɗin ke yin aiki shi ne tsirran biyu ba sa cin abinci a wuri ɗaya, kuma ba sa buƙatarsa lokaci ɗaya. Gero ana shuka shi da ruwan farko, wani lokacin ma a binne shi tun kafin ruwa ya sauka, ya yi sauri ya nuna cikin kamar wata uku. Dawa irin su farfara da kaura tana tafiya a hankali, ba ta nuna sai kaka. Waken gargajiya kuwa ana sa shi ne bayan noman firi ko ma bayan maimai, ya yi ta lallaɓawa a inuwa, sai an yanke gero rana ta buɗe masa sannan ya bazu ya rufe ƙasa. A karkarar Kano da Zariya akwai tsarin gicci, inda ake shuka gero a layuka masu nisa da juna waɗanda suka gitta kunyoyi, a cike tsakani da gyaɗa ko wake ko dawa. Ta haka gona ɗaya take aiki tun daga ruwan farko har raɓar kaka, babu watan da rana ke dukan ƙasa a banza. Yaɗon wake yana hana ciyawa tashi, yana rage ƙarfin ɗigon ruwan sama a kan jigawa, yana kuma riƙe laima.

Dalili na biyu shi ne tsoron damina. A ƙasar da ruwan shekara bai wuce milimita ɗari huɗu zuwa ɗari takwas ba, kuma yana iya ɗaukewa mako uku a tsakiyar yabanya, wanda ya dogara da abu ɗaya ya sa gidansa cikin haɗari. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya kuɓuta. Idan ya yi jinkirin sauka amma ya daɗe, dawa da wake su ci moriya. Ko da hatsi ya ƙi, wake bai yi 'ya'ya ba, harawa tana nan, kuma harawa kuɗi ce. Gida biyu maganin gobara, in ji masu iya magana, kuma waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Dalili na uku yana ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya tuge gindin wake ko gyaɗa a hankali, ya kakkaɓe ƙasar, zai ga wasu 'yan ƙululu manne a jikin saiwa. Ba cuta ba ce. Gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Rizobiyam. Iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi shar, wanda manomi ke saye da tsada a buhun yuriya. Hatsi ba ya iya ɗaukar wannan sinadari daga iska. Waɗannan ƙwayoyin halitta suna iyawa: su kamo shi su miƙa wa wake, shi kuma ya ba su abincin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Wasu masana biyu 'yan Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka tabbatar da haka a 1886, ko da yake manoma a sassan duniya sun daɗe da lura cewa hatsi ya fi kyau a wurin da wake ya kwana. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko ƙululun yana aiki. A fasa shi da farce lokacin da wake ya kusa fure. In cikinsa ja-ja ne, aiki yana tafiya. In fari ne ko kore, babu abin da ake tarawa.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Wake ko waken suya da aka shuka da yawa, ya samu rana da takin da yake so, yana iya tara abin da ya kai buhu biyu zuwa huɗu a hekta ɗaya. Amma a nan ne ake yawan yin kuskure, har da wasu masu wa'azin noma. Sukan ce wake yana ciyar da dawar da ke tsaye kusa da shi, saboda haka wanda ya haɗa su ya huta da sayen taki. Maganar ba haka take ba. Abin da wake ya tara yana shiga jikinsa ne, cikin ganye da kara da ƙwaya. Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa ga hatsin da ke maƙwabtaka da shi a wannan daminar. Amfanin da hatsin ke samu nan take shi ne wake bai cika yi masa rububin naitirojin ɗin da ke cikin ƙasa ba. Babbar riba sai baɗi, bayan saiwa da ganyen da ya zuba sun ruɓe. Idan kuwa aka rore ƙwaya aka kai kasuwa, aka naɗe harawa kakaf aka sayar, aka kwashe kara aka yi danga, to abin da ya rage wa gona bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa dabbobi suke cikin lissafin. Masana irin su Michael Mortimore, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, sun yi ta mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ga yawan jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. Amsar tana cikin zagayen da manomi ke yi ba tare da ya ba shi suna ba. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗaure ta a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, tumaki da awaki da shanun huɗa su ci da rani a turke, takinsu a tara shi tare da toka da sharar gida, sannan da bazara a kwashe a mangala ko amalanke a mayar gona. Naitirojin ɗin da wake ya kamo daga iska ta wannan doguwar hanya yake isa ga gero da dawa. Manomin da ya sayar da harawarsa duka ga masu kiwon ragunan layya a birni ya samu kuɗi, amma ya sayar da wani yanki na ƙarfin gonarsa, kuma ya kamata ya san haka lokacin da yake yin ciniki. Gawo ma, wanda manoman Damagaram da Maraɗi ke bari a gona, ɗan dangin wake ne, kuma da yake yana kaɗe ganyensa da damina, gero ya fi kyau a gindinsa.

Masu bincike suna da hanyar auna ko haɗi ya fi zalla. Ana tambaya ne: fili nawa za a buƙata in da za a noma kowanne daban a samu abin da aka samu a haɗe? A ɗauka, don misali kawai, hekta ɗaya ta dawa zalla tana ba da buhu 10, ta wake zalla kuma buhu 8. Da aka haɗa su a hekta ɗaya sai aka samu dawa buhu 7, wake buhu 4. Dawar ta ragu, waken ma ya ragu, kuma wanda ya dubi ɗaya kaɗai zai ce an yi asara. Amma buhu 7 na dawa zalla yana cin kashi bakwai cikin goma na hekta, buhu 4 na wake yana cin rabin hekta. In aka tara, hekta ɗaya da kashi biyu cikin goma ke nan. Wato haɗin ya ƙara wa manomi fili ba tare da ya saya ko ya yi aro ba. Gwaje-gwajen da aka yi a Samaru da Sadore kusa da Yamai sun sha nuna irin wannan rinjaye. Ga mutumin da gonar gado ta rabu har ta koma eka biyu ko uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka tsarin gargajiya yana da babban rauni, kuma wake ne ke ɗaukar nauyinsa. Ana shuka shi a makare, gindi ɗaya nan ɗaya can, a ƙarƙashin dawa mai tsawon da ya ninka na mutum. Ba a ba shi taki, ba a yi masa feshi, domin feshin waken da ya warwatsu cikin hatsi wahala ce da ɓarnar magani. Waken gargajiya irin su kanannado ba sa fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Sakamakon shi ne hekta guda da ƙyar take ba da buhu biyu ko uku, alhali waken da aka kula da shi yana iya ba da tan ɗaya da rabi ko fiye. Waken da ke cikin inuwa kuma ba ya tara naitirojin na kirki, tunda da hasken rana yake biyan ƙwayoyin halittar da ke masa aiki. Nijeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar ke bi mata, amma da faɗin fili aka kai wannan matsayi, ba da yawan abin da eka ke bayarwa ba.

Gyaran da ya fi shahara ya fito ne daga reshen Kano na cibiyar IITA, wadda hedikwatarta ke Ibadan. A shekarun 1990, B. B. Singh, masanin irin wake, tare da abokan aikinsa suka yi ta gwada jeri iri-iri a gonar gwaji ta Minjibir da gonakin manoma, suka tsaya a kan kunya biyu ta hatsi, kunya huɗu ta wake, a maimaita haka har ƙarshen gona. Tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, wato huɗar shanu da aka saba. Waken ana sa shi kusa-kusa, kamar taƙi ɗaya tsakanin gurbi da gurbi, ƙwaya biyu a kowane gurbi. Hikimar tsarin a fili take. Kunyoyi huɗu sun isa rana ta sauka a kan wake, musamman biyun tsakiya. Hatsin da ke kunya biyu kowane layinsa yana bakin fili, yana shan iska da haske, don haka zangarniyarsa ko goyonsa ya fi girma. Yuriya ana zuba wa hatsi shi kaɗai, feshi ana yi wa wake shi kaɗai, babu abin da ke tafiya inda ba a buƙatarsa. Da baɗi ta zo sai a matsar da layin hatsi zuwa inda wake ya kwana, ya ci abin da aka bar masa. A inda damina ke da tsawo, kamar Kaduna da kudancin Kano da Katsina, ana iya sa wake mai nuna cikin kwana sittin tun farko, a rore shi, a sake sa wani mai harawa a wurin kafin ruwa ya ɗauke.

Tsarin bai shiga kowace gona ba, kuma dalilin manoma abin saurare ne. Kashi biyu cikin uku na gona sun koma wake, alhali magidanci da rumbun hatsi yake auna shekararsa. Wanda bai da tabbacin kuɗin feshi yana ganin ya yi kasada da tuwon gidansa. Saboda haka da yawa suka rage, suka koma biyu da biyu, ko ɗaya da biyu. Wannan ba laifi ba ne, muddin an kiyaye abin da ke ƙarƙashin tsarin, wato a ba wake layinsa, da rana, da yawan gindi.

Zaɓen iri yana bin ruwan wuri. A arewa mai ƙarancin ruwa, gero irin su SOSAT a Nijeriya da HKP a Nijar yana tafiya da wake mai saurin nuna, kamar TN5-78 na cibiyar INRAN. A tsakiya, dawa marar tsawo sosai ta fi dacewa da tsarin layi, ko da yake manomin da ke buƙatar kara don danga da girki ba ya rabuwa da farfara cikin sauƙi. Daga Samaru an fitar da jerin irin wake masu suna SAMPEA, wasu na ƙwaya, wasu na ƙwaya da harawa tare. Masu son harawa su lura: wake mai tsayuwa, mai saurin nuna, ba ya ba da ganye kamar mai yaɗo. Lokacin shuka ma yana da ƙa'ida. Waken da aka sa da wuri ƙwarai zai nuna cikin marka, kwanso ya ruɓe a gona. Wanda aka makara da shi kuma hatsi zai rufe shi, ko ruwa ya ɗauke yana tsakiyar fure. Abin da ake nema shi ne ya yi fure akwai laima, ya bushe ruwa yana janyewa.

Game da taki, dangin wake suna da buƙatar da ake yawan mantawa da ita. Naitirojin suke iya samo wa kansu, amma fosfaras sai an ba su, kuma jigawar ƙasar Hausa tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancinsa. In babu shi ƙululun saiwa ba ya yin yawa. Takin sufa shi ne na wake da gyaɗa, a sa shi lokacin shuka ko kafin huɗa. Kamfa kaɗan a farko ba ta da laifi, tana taimaka wa tsiro ya miƙe kafin ƙululu ya fara aiki. Yuriya mai yawa a gindin wake kuwa ɓarna ce sau biyu: ganye zai yi yawa 'ya'ya su yi kaɗan, kuma tsiron zai daina wahalar kamo naitirojin daga iska tunda ya same shi a sauƙaƙe. Ga wanda bai da halin buhu-buhu, masu bincike na cibiyar ICRISAT a Nijar sun nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa a kowane gurbin gero lokacin shuka yana kawo bambancin da ido ke gani. Waken suya kuma, da yake baƙo ne a wannan ƙasa, yakan amfana da garin ƙwayoyin Rizobiyam da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, irin wanda IITA ke yi da sunan Nodumax.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana cikin manyan abubuwan da haɗin ke taimakawa a kai. Wannan ciyawa mai jan fure tana manne wa saiwar dawa da gero da masara tana tsotse su tun kafin ta fito fili. Gindi ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwana a ƙasa shekara goma ko fiye. Ba sa tsira sai sun ji wani ruwa da saiwar hatsi ke fitarwa. Saiwar waken suya da gyaɗa da wasu irin wake tana fitar da makamancinsa, sai ƙudujin ya ruɗu ya tsira, ya rasa inda zai kama, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Waken suya mai lamba TGx 1448-2E ya yi suna a wannan aiki. Shekara ɗaya ba ta share gona, sai an jera, ana kuma tuge wanda ya fito kafin ya yi 'ya'ya. A sani kuma wake yana da nasa ƙudujin daban, wanda ba ya taɓa hatsi, kuma inda ya yi yawa maganinsa iri mai jurewa ne kamar SAMPEA 10. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta bi wannan hanya da wata ciyawar kiwo ta dangin wake mai suna Desmodiyam, wadda ake shukawa tsakanin layukan masara tana danne ƙuduji tana kuma korar tsutsar kara.

Ƙwari kuwa haɗi yana rage su ne kawai, ba ya kawar da su. Darɓa tana kama wake yana ƙarami, wasu ƙananan ƙwari suna zubar da fure, tsutsar Maruka tana huda fure da kwanso, kuma ita kaɗai tana iya cinye mafi yawan amfanin gona. Feshi biyu ko uku a kan lokaci, da fitowar fure da kuma lokacin da kwanso ke cika, sun fi feshi bakwai na kirdado. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana taimakawa inda kuɗi ya yi ƙaranci. A ƙarshen 2019 Nijeriya ta amince da wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa halitta don ya kashe tsutsar Maruka. Yana rage yawan feshi, amma ba ya hana sauran ƙwari, kuma muhawara a kan irin da aka sauya wa halitta ba ta ƙare ba.

Gyaɗa tana da nata labarin. Cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta yi mummunar ɓarna a arewacin Nijeriya a 1975, kuma tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Manoma da yawa daga nan suka mayar da wake gurbinta a cikin hatsi. Yanzu akwai iri masu jure cutar, irin su SAMNUT 24, kuma shuka da wuri da cika gona da gindi yana rage kamuwa. Gyaɗa ba ta son inuwa ko kaɗan, saboda haka ta fi wake buƙatar layin hatsi mai nisa, kamar na gicci. Masara da waken suya su ne haɗin wuraren da ruwa ya kai milimita dubu, irin ƙasar Funtuwa da Saminaka da Biu.

Ribar haɗin ba ta tsaya a gona ba. Hatsi yana da sinadarin gina jiki kamar kashi 10 cikin ɗari, wake ya haura kashi 20, waken suya ya kusa 40. Wani abin da ya yi ƙaranci a hatsi yana da yawa a wake, wanda ya yi ƙaranci a wake kuma hatsi yana da shi, don haka cin su tare ya fi cin kowanne shi kaɗai. Ƙosai da koko, dawa da wake, ɗanwake, kunun gyaɗa, awara, duk sun faɗa cikin wannan. Ga yaran da aka yaye, a gidan da nama sai ranar kasuwa, garin hatsi da aka haɗa da na waken suya da gyaɗa yana hana tamowa. Mata ne kuma suka fi juya wannan amfani ya zama kuɗi, ta suyar ƙosai da awara da matsar mai da ƙuli-ƙuli.

Wake ya fi hatsi tsada amma ya fi shi saurin lalacewa. Ƙwaron da ke huda shi tun daga gona yake biyo shi, kuma cikin 'yan watanni yana iya mayar da buhu gari. Tsoron haka ne ke sa manomi sayarwa da kaka lokacin da farashi ya faɗi, 'yan kasuwar Dawanau su adana su ci ribar bazara. Wasu kuma sukan zuba maganin ƙwari mai guba a cikin buhu, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, ban da cutar da masu ci a gida. Buhun PICS mai rufi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007, yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska, ba tare da magani ba. Sharaɗinsa shi ne wake ya bushe sarai, leda kada ta huje, kuma a ɗaure kowane rufi daban. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa gam yana yin wannan aikin.

Akwai wuraren da haɗin bai dace ba. Gonar da za a girbe da babbar na'ura ta fi son abu ɗaya. Aikin hannu yana ƙaruwa wajen shuka sau biyu da roron wake, a lokacin da 'yan ƙwadago suka yi tsada. Wata babbar matsala kuma ita ce maganin ciyawa. Atrazine, wanda masu masara da dawa suka saba da shi, yana kashe wake da gyaɗa da waken suya, kuma sauransa yana iya zama a ƙasa makonni da dama, har ya ƙone waken da aka sa daga baya. Magungunan da ke kashe ciyawa mai kama da hatsi a gonar wake su kuma suna kashe dawa da masara in iska ta kai musu. A gonar masara da waken suya ana iya amfani da irin su Pendimethalin, a fesa bayan shuka kafin tsiro ya fito, sauran ciyawar da ta biyo baya kuma a bi ta da fartanya.